Kifin Rijiyar Oddleif

Tun Tordis Brekkhus ba ta iya ɗaure igiyar takalminta ba take da aiki a gidansu: kowace safiya ta ture murfin rijiya ta gaishe da Fasto. Fasto kifi ne. A kwarin Brunda, gidan da babu kifi a rijiyarsa ba a ɗauke shi cikakken gida ba. Kifin ne ke cinye tsutsa da duk ƙwaron da ya faɗa, kuma ran da aka leƙa aka ga ya juya ciki sama, to ruwan ya ɓaci, kada kowa ya sha. Nasu baƙi ne, siriri, ga ƙaton kai, kullum yana tsaye wuri ɗaya yana kallon mutum kamar ya san abin da ya aikata jiya. Babanta Oddleif ne ya raɗa masa sunan. Faston coci ya ji labari, bai ji daɗi ba, amma bai fasa zuwa shan kofi ba.

Oddleif manomi ne, in dai 'yan tumaki da gonar ciyawa da ta gangara bakin kogi sun isa a kira mutum manomi. Zuciyarsa dai tana wurin laks, kifin nan mai jan nama da ake ƙyanƙyashewa a tsakuwar kogi, ya tafi teku ya yi ƙiba, ya dawo ya yi ƙwai daidai inda ya fito. Da zarar lokacin zafi ya shigo, sai dai a bi shi da abinci bakin ruwa. Marigayiya matarsa takan ce ita ƙeyar miji ta aura, fuskar ta kogi ce. A bayansa Tordis ta tashi, tana riƙe masa koma, tana koyon yin shiru.

Tana sakandare giro ya shigo kogin. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana manne wa 'ya'yan laks a fata yana ci, har su mutu ba su ga teku ba. Wasu suka ce da 'ya'yan kifin da aka kawo daga wata ƙasa ya zo, wasu suka ce a jiƙaƙƙen takalmin wani baƙo. Oho dai. Abin da kowa ya gani shi ne kowace shekara kifin da ke dawowa yana raguwa, har hukuma ta hana kamu gaba ɗaya. Baƙin da ke cika kwarin da motocinsu suka ɗauke ƙafa, mai kanti ya rufe ya koma birni. Oddleif ya rataye sandar kamunsa a bangon rumfar ciyawa, ya zama mutum mai saurin yi wa tumaki tsawa.

Ranar da ta gaya masa abin da za ta karanta a jami'a, yana fere dankali.

"Kula da albarkatun ƙasa," ya maimaita, yana jan kalmomin. "Wato ƙasar nan duk shekarun da ta yi ba ta iya kula da kanta ba, ke take jira."

"Kogin nake so in gyara, Baba."

"Iye! Sannu, likitar kifi."

Da baki ya yi ba'a, amma shi ya kai ta tasha, shi ya ɗauki jakar. Da ta buɗe ta a cikin jirgi sai ga ɓarin kyafaffen laks, na ƙarshe da ya rage a firiza, wanda ya daɗe yana hana kowa taɓawa.

Ta yi karatu, ba wasa. Ta koyi auna itace a tsaye, ta koyi gane yawan namun daji ta kashinsu, ta haddace dokokin ruwa da na farauta, ta sha kwanan tanti cikin ƙanƙara har yatsunta suka daina jin komai. Wata rana malaminsu ya haska taswirar ƙasa a bango, kogunan da suka kamu da ciwo an yi musu jan layi. Ta hango koginsu Brunda can a gefe, ɗan siririn jan zare, ta ji kamar hoton babanta aka haska. A kan kogin ta rubuta bincikenta na ƙarshe, ta fito da sakamako mai kyau.

Abin da ba wanda ya gaya musu a shekarar farko shi ne, su da yawa ne, kujerun aikin kaɗan, waɗanda ke kai kuma ba su da niyyar tashi. Sai aikin wucin gadi: 'yan watanni a arewa tana ƙirga tsuntsaye, rabin shekara a wani ofishi tana rubuta rahoton dabbobin da mota ta kaɗe, hunturu guda a kanti tana gwada wa mutane takalman ƙanƙara. Abokan karatunta da suka fi wayo suka sulale, wannan ya koma koyarwa, wancan kamfanin mai. Ita ta haura talatin ba ta taɓa sayen labule ba, don ba ta taɓa yin hunturu biyu a ɗaki ɗaya ba. In ta kira gida Oddleif ya ce, "Likita, yau me ake ƙirgawa?" sai ta yi dariya, ta kashe waya, ta zauna ta zabga tagumi.

Sai ga labari: hukuma ta yarda a yi wa Brunda magani, kuma ana neman wanda ya san kwarin ciki da bai. Ta samu aikin. Maganin kuwa, kai, wanda bai sani ba zai ce hauka ne. Giro ba ya rayuwa in ba a jikin kifi ba, saboda haka sai a zuba guba a kashe duk kifin da ke kogin, babba da ƙarami, tun daga magangarar ruwan da laks ba ya iya hayewa har bakin teku. Irin laks ɗin Brunda an daɗe da ɗiba an adana a wata ma'ajiya mai sanyi. In kogi ya wanku sai a dawo da ƙwai a binne a tsakuwa, in aka shekara biyar ana dubawa ba a ga ƙwaron ba, a buɗe kogi. Amma kifi ɗaya tak mai ɗauke da shi in ya tsira, an yi aikin banza. Aikin Tordis ke nan: ta bi kowane rafi, kowane idon ruwa, kowane kududdufi, kada a bar maɓoya.

Mutanen kwarin ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. Halvard Teigen, maƙwabcinsu, wanda bakinsa ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu, ya tare ta a kan gada.

"'Yar Oddleif, ashe kin dawo! Mun tura ki ki koyo ceton kifi, kin dawo mana da guba a jarka. Haka ake yi a jami'ar? In tunkiya ta yi ƙwarƙwata sai a yanka garken?"

"In ƙwarƙwatar tana kashe 'ya'yan duka, eh, Kawu Halvard."

"Ka ji ta! Ilimi ke nan."

Babanta bai ce uffan a kan aikin ba. Yakan ajiye mata abinci a rufe, ya fita.

Rijiyoyi ma ba a bar su ba. Ta bi gida gida da tocila da koma, ta fito da kifin kowa ta duba, wanda aka yi shakkarsa aka kashe, matan gida suna harararta ta taga. Shugaban aikin, wani dogo mai haƙuri da ake ce wa Sigve, ya tambaye ta, "Ta gidanku fa?"

"Rufaffiya ce, ba ta haɗu da kogi ba. Kifin ciki kuma daga tafkin kan dutse aka kawo shi tun ban san kaina ba, can inda giro bai taɓa kaiwa ba."

Gaskiya ta faɗa, iyakar saninta. Kifin rijiya yana daɗewa, wani har ya ga jikokin wanda ya saka shi. Da yamma ta ce, "Baba, Fasto yana nan?" Ya ce, "Ina zai je?" Shi ke nan, ba ta ture murfin ba. Ta zura koma a rijiyar kowa, amma ta tsaya gaban tsohon nan ta zura a tasa bayan ya ba ta amsa? Daidai yake da ta laluba masa aljihu. Kuma can cikin ranta Fasto ba kifi ba ne, ɗan gida ne.

Ranar zuba guba, kafin rana ta yi tsaka kogin ya yi fari fat da cikin kifi. Ma'aikata cikin rigunan roba suna kwasa suna zubawa a manyan robobi, ƙarni ya cika kwarin har cikin ɗakuna. Tsofaffi suka jeru a kan gada ba mai magana, har Halvard. Oddleif ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Tordis ta hango shi daga cikin ruwa, ta ci gaba da kwasa, sai da ta kai robar bayan mota sannan ta durƙusa ta yi amai. Sigve ya miƙo mata kofi ya ce, "Mun gama mai wuyar."

Da farko kamar gaskiyarsa. Da ƙanƙara ta narke aka binne ƙwai, suka ƙyanƙyashe. Kaka ta farko aka ɗebi 'ya'yan kifi aka duba, tsaf. Ta biyu ma tsaf. Aka sabunta mata aiki sau biyu a jere, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta kama ɗaki a saman tsohon kanti, ta sayi labule ruwan ɗorawa, ta rataya, ta tsaya tana kallonsa kamar wawiya. Oddleif ya sauko da sandar kamu, ya zauna bakin ƙofa yana goge ta da tsumma. Gwiwoyinsa sun fara ƙin hawa da sauka, amma yakan dafa su ya ce, "Ku yi haƙuri, saura kaɗan." Likitar nan da yake kiranta da ba'a, yanzu a gaban mutane yake faɗa, har da ɗaga murya. Halvard ma ya ce, "To, mu gani dai," wanda a bakinsa yabo ne.

Kaka ta uku ta zauna gaban madubin da ke ƙara girman abu, da 'ya'yan kifin da aka ɗebo daga gurbin da ke ƙasan gonarsu. Na farko tsaf. A na gaba ta ga wani ɗan abu a gefen wutsiya, yana miƙewa yana lanƙwashewa, hankalinsa kwance. Ta goge idonta, ta goge madubin, ta sake dubawa. Yana nan, har da 'yan'uwansa.

Ta kira Sigve a waya ta gaya masa. Ya ce, "Ki saurare ni, Tordis. In ba mu gano ta inda ya fito ba, za su ce akwai idanun ruwa a ƙarƙashin tsakuwa da guba ba ta kaiwa, kogin ba ya warkuwa, su rufe maganar. In kuwa kuskuren mutum ne, wanda za a iya nunawa da yatsa, to wataƙila su yarda a sake. Wataƙila fa na ce."

Ta tafi gida da rana tsaka. Ta tarar da babanta bakin rijiya yana ɗibar wa tumaki ruwa, murfin a ture.

"Baba, ya dawo."

"Wa?"

"Giro."

Ya ajiye bokitin. Ita kuma don kada ta kalli fuskarsa sai ta sunkuya ta leƙa rijiyar. Wani ɗan kifi mai ƙiba, da jan ɗigo a gefensa, ya yi wuf ya ɓuya.

"Wannan ba Fasto ba ne."

"Fasto ne mana. Duk wanda ke ciki Fasto ne."

"Baba."

Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa.

"Tsohon ya mutu ana saura kaɗan ki dawo. Ban gaya miki ba, me zan gaya miki? Rijiya kuma ba ta zama ba kifi, kin sani. Gwiwata ba ta hawa dutse. Ga shi kuma kuna ta cewa za ku kashe duka." Ya ɗago kai, tsohon taurin nan ya dawo masa. "Na ce a'a, ba duka ba. Na sauka gurbi da bokiti na ɗebo 'ya'yan laks, 'yan kaɗan, na Brunda na asali, ba na cikin firjinku ba. A nan suka yi hunturu. Da kuka binne ƙwanku na mayar da su gida, don laks ba ya zaman rijiya, sai ya ga teku. Wannan na ciki daga baya wani mafarauci ya sauko mini da shi daga tafki."

"Ka mayar da su kogi."

"Lafiyarsu ƙalau! Ɗaya bayan ɗaya na duba su a tafin hannuna, cikin rana. Ko tabo babu. Ni za a gaya wa kifi mai ciwo?"

"Ba a ganinsa da ido, Baba. Sau nawa aka faɗa a taro? Sau nawa na faɗa maka muna cin abinci?"

Ya ji, ba bai ji ba. Amma mutumin da tun yana yaro yake gane lafiyar kifi da kallo ɗaya, ka ce masa akwai abin da ke jikin kifi wanda shi ba zai gani ba, zai gyaɗa maka kai ne kawai don a zauna lafiya. Tordis ta ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya laluba bakin rijiyar ya zauna, sai ta ga ashe ya tsufa ƙwarai.

Ta so ta yi masa ihu, ta so ta rungume shi, ba ta yi ko ɗaya ba. Haushin kanta ma ya fi. Murfi ne fa, murfin da take turewa tun tana 'yar mitsitsiya! Ta gaya masa abin da Sigve ya ce, ba ta rage komai ba. In ta yi shiru ba wanda zai taɓa sani, kogin kuma ya tafi ke nan. In ta faɗa, sunansa ya ɓaci a kwarin da aka haife shi, nata ma haka, don ita ta ce rijiyar ba matsala.

"In kin faɗa za su sake zubawa?"

"Wataƙila."

"Wataƙila," ya ce. Ya kalli ƙasan gonar, inda ruwan ke wucewa. "To me kike jira? Je ki faɗa."

Aka yi taro a zauren gari. Ta tashi ta faɗi yadda aka yi. Kafin ta zauna Halvard ya miƙe, fuskarsa ja wur.

"Oddleif! Kai? Mu muka tsaya kamar gumaka aka kashe mana kifin rijiya, matata har da kuka, ashe kai kana can da bokiti! Kullum kai ne gwani, kai ka fi kowa sanin kogi. To ga shi nan ka sani!"

Oddleif ya miƙe da ƙyar ya ce, "Haka ne." Bai ƙara ba, ba a ma ba shi damar ƙarawa ba.

Mutumin da hukuma ta turo ya gode wa Tordis da gaskiyarta, ya sake gode mata. Daga jin godiyar ta san an gama. Akwai wasu koguna a layi, in ji shi, waɗanda ba a taɓa yi musu ba ko sau ɗaya. Kuma kwarin da kowane gida ke da rijiya da bokiti, wa zai rantse ba za a sake ba? Za a duba. Kowa a zauren ya san ma'anar za a duba. Aikinta ya ƙare da ƙarshen shekara, ba a kore ta ba, ba a dai sabunta ba. Abu na ƙarshe da ta yi a matsayin ma'aikaciyar kogi shi ne ta zuba guba a rijiyar gidansu da hannunta, don doka ta ce a yi, ta tsamo ɗan kifin nan da bai ji ba bai gani ba.

Yanzu tana aiki a bakin teku, a gonar kifi, inda ake kiwon laks a manyan kejin raga. Aiki ne na dindindin, irin wanda ta yi shekaru tana nema, ka ji abin takaici. Kullum da safe a ɗebo mata kifi, ta duba ƙwarƙwatar teku a jikinsu, ta mayar. Kifin suna ta zagaye a keji, dubbai, ba wanda ya taɓa ganin tsakuwar kogi. Labulen yana cikin kwali, tagar sabon ɗakin ta fi shi faɗi.

Ran Lahadi takan hau kwarin. Brunda yana nan yana gudu, ruwa garau, wanda bai sani ba zai ce lafiya lau. 'Ya'yan kifin da ta binne ƙwansu da hannunta suna mutuwa a ƙarƙashin duwatsu, kamar yadda na da suka mutu. Halvard in ya hango motarta sai ya sami abin dubawa a bayan rumfarsa. Oddleif ya rabu da tumakin, ya mayar da sandar bango. Da farko yakan tambaye ta, "Sun ce yaushe?" ta ce baɗi wataƙila. Ya daina tambaya.

Wata Lahadi ta same shi bakin rijiya, ya ture murfin, yana leƙe. Gubar ta daɗe da fita, ruwan ya koma na sha.

"Zo ki gani," ya ce. "Ya fara tsutsa."

Ta leƙa. Ga su nan ƙanana, suna wutsil-wutsil a saman ruwan, ba mai damunsu.

"Na ce..." Ya yi gyaran murya, bai kalle ta ba. "Wurin aikin nan naki, an ce kifi kamar ƙasa. Babu ɗan ƙarami guda wanda ba sa so? Ko gurgu ne. Ba zan kai shi ko'ina ba, Tordis, na rantse. A nan zai zauna."

A satin nan kaɗai ta kwashe matattun kifi cike da robobi ta kai wurin zubarwa.

"Doka ta hana, Baba. Ko ɗaya ba a fitarwa."

"To," ya ce. "Ai ke kika yi karatun."

Ba da ba'a ya faɗa ba. Da ma da ba'a ne. Ya sa hannu biyu ya ja murfin, ya gagare shi, ta kama masa suka rufe.